Gayaunata da Motarka Mai Caji

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Abba, ka yi mini afuwa da na ɗora maka karatun doguwar takarda, alhali ga gajiyar hanya, ga baƙunta, ga neman inda za ka ajiye jakarka. Na san da na kira ka ɗaki na faɗa maka da baki, da ya fi maka sauƙi. To, ka dai san ni. Kai ne na fari, kuma sunan mahaifina gare ka, in na ɗaga ido na dube ka sai maganar ta koma ciki. Shi ya sa da hantsi ya yi, mahaifinka Malam ya fita, na zauna na rubuta da ɗan bokon da na koya a Islamiyyar matan aure. Inda ka ga harafi ya karkace, ka miƙe shi da kanka. Na sa ta ƙarƙashin ledar yaji da kuka don na san nan hannunka zai fara zuwa.

Ina roƙon Allah ya sa ka sauka Rijiyar Zaki lafiya, ya haɗa ka da abokan zama nagari, ya tsare ka daga sharrin ƙarfe da sharrin hanya, ya sa abin da ka fita nema ya zama na halal mai albarka.

Maganar gayaunata ce. Ran Juma'a ka durƙusa a ƙofar ɗaki ka ce in ba Alhaji Ado jinginarta, don ka sami kafin alƙalami na motar nan mai caji, sauran ka riƙa biya da abin da ka samu wajen ɗaukar ɗalibai da ma'aikatan jami'a. Na ce maka, "Allah ya zaɓa mana mafi alheri." Sai na ga fuskarka ta washe, ka tashi kana godiya. A nan na gane ka ɗauka na amince. Ban amince ba, Abba. Ban kuma ƙi ba. Tun ranar nake juya abin a raina, in na kama nan sai can ya kwance.

Wannan hali nawa na amsa magana da abin da ba e ba ne ba kuma a'a ba, ya taɓa jawo mini asara, kuma a kan wannan gonar ce. Kana ƙarami lokacin, ba ka daɗe da fara zuwa makarantar allo ba. Wani mutum ya zo daga birni da injin markaɗe, ba sabo ba, na hannu, amma an yi masa fenti kore shar kamar ranar aka ƙera shi. Aka tayar da shi a ƙofar gida, mata suka leƙo ta kan danga, ya markaɗa jiƙaƙƙen gero nan take. Raina ya biya. Na ga na huta da surfen kuɗi, na ga kuma matan unguwa sun huta da tafiya har bakin titi. Kawunka Sale ya ja ni gefe ya ce, "Ƙanwata, ki tambaye shi in ya lalace wa ke gyara, kuma a ina ake samun kayansa." Na ce to. Da na koma gaban mutumin sai kunya ta kama ni, na ga kamar in na tambaya na ƙaryata shi ke nan a gaban jama'a, ga shi dattijo har da furfura. Ya ce, "Hajiya, an daidaita?" Ni da ko filin jirgi ban taɓa gani ba. Na ce to. Na ba Alhaji Ado jinginar gayaunata, na biya.

Injin ya yi aiki rani guda da ɗan abin da ya ɗora. Wata safiya ya yi tari ya tsaya. Makanike a Dawakin Tofa ya kwance shi, ya ɗaga wani ɗan ƙarfe da bai fi yatsa ba ya ce wannan ne ya cinye, kuma irin wannan injin an daina kawo kayansa. Sale ya zaga birni da ƙarfen a aljihu, bai samu ba. Sauran labarin ka san shi, don a kusurwar tsakar gida injin ya ƙare, kaza tana ƙwai a ƙarƙashinsa, kai kuma kana hawa kansa da murfin tukunya a hannu kana cewa kai ne direba, ƙannenka fasinja. Ashe da gaske kake.

Don haka ka tambaya, Abba. Kada kunya ko rigar mai sayarwa ta hana ka. Ka ce a nuna maka makaniken da ya iya irin wannan mota, ka je ka gan shi da idonka, ka ga ko akwai irinta da ya taɓa kwancewa ya mayar ta tashi. In suka ce ba ta lalacewa, ka gaishe su ka fito. Ni dai ban taɓa ganin abin da hannun ɗan Adam ya ƙera ba ya lalacewa ba.

Amma ba injin ne ya fi ƙona mini rai ba, gonar ce. Kai ka tashi a nan, ka san ƙasarmu ba ta hutu. Daga bayan dangarmu har Tofa babu taƙi ɗaya da ba na wani ba ne, babu wanda ke da filin da zai bar wata gona ta kwana shekara. Abin da ke riƙe ta shi ne taki: tokar murhu, kashin awaki, sharar tsakar gida, duk abin da aka tara da rani a kai mata kafin ruwa. Da muka fanshi gayaunar bayan shekaru, na je na tsaya a bakinta ban gane ta ba. Ƙasar ta yi fari, ta tsiyaye. Muka shuka gero, ƙuduji ya fito ya yi fure ya shaƙe shi tun bai kai gwiwa ba. Ban ga laifin Alhaji Ado ba, kada ka ɗauka gulmarsa nake yi. Haka kowa ke yi. Wa zai ɗora mangala a jaki ya kai taki gonar da gobe mai ita zai iya zuwa da kuɗi ya karɓe? Mai jingina ci yake yi, ba ya ciyarwa. Sai da na yi shekaru ina tara toka kamar mai tara zinariya kafin ta dawo hayyacinta.

To ga inda kaina ya ɗaure. Ka ce motar ta hannu ce, daga waje aka kawo ta. Ka kuma ce batirin ne ranta, kuma shi ne mafi tsada a jikinta. Wa ya riƙe ta kafin kai? In ya san sayarwa zai yi, ya kula da batirin, ko shi ma cin jingina ya yi masa? Ban sani ba ko batir yana gajiya kamar yadda ƙasa ke gajiya, ko jahilcina ne ke haɗa abin da bai haɗu ba. Ina dai ganin wayata. Da tana sabuwa sai in manta yaushe na yi mata caji, yanzu kuwa kafin la'asar ta mutu, ran da na manta ta a rana ma har cikinta ya kumbura. Ga zafin bazararmu, mota kuma ba a sa ta a inuwar ɗaki. Akuya in za ka saya ka buɗe bakinta ka duba haƙora. Gona ka zaga ta da damina ka ga abin da ke fitowa. Shi batirin da ka ce yana shimfiɗe a ƙarƙashin kujeru, ta ina ake duba haƙoransa? In akwai hanya, ka nemo wanda ya san ta, wanda ba ya cin abinci a hannun mai sayarwa.

Da a nan na tsaya, da ka ce Inna ta ƙi, ka ninke takardar. Amma akwai wata wautar da na yi, kuma ita ta baya ce ta haife ta. Ka tuna lokacin da kake sakandare ka zo ka ce in sayar da tunkiya a sayi sola, ka riƙa yi wa mutanen gari cajin waya? Har zane ka yi mini a ƙasa da tsinke, inda za a ɗora shi a kan soro. Ko sauraro ban gama ba na ce a'a. Wannan karon kam bakina ya buɗe. Na ce rana ba ta zama wuta, na ce ga ɗan'uwansa can kaza na kwana a ƙarƙashi. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ka share zanenka da ƙafa ka fita, ba ka sake tayar da maganar ba. Ba a yi nisa ba maƙwabciyarmu Talatu ta sa ɗanta ya sayo. Yau ga shi da shi take ciyar da gida, har firji ta ƙara tana sayar da ƙanƙara da azumi. Ni kuma kullum sai in naɗe wayata a gefen zane in kai mata. Duk ran da na miƙa sai ta ce, "Maman Abba, an zo sayen rana?" In yi dariya in biya.

Ban taɓa ce maka na yi kuskure a kan wannan ba, yau na faɗa. Abin da na koya shi ne tsoro ma yana cin dukiya, sai dai shi ba ya barin gawar inji a tsakar gida da za a nuna. Ka gani ke nan. Na ce to na yi asara, na ce a'a na yi asara. Wace Inna ce za ta ba ka shawara a cikinsu?

Na so in sami haske wajen maza, ban samu ba. Shekaranjiya kawunka Sale ya zo suna zaune da Malam a zaure, na kai musu kunu na tsaya daga bayan ƙofa. Sale yana cewa, "Malam, ka ji wai mota mai cin wuta, a ƙasar da wutar kanta ziyara take kawo mana? Sai ya ɗauki fasinja ya ce su yi haƙuri a jira a kawo."

Malam ya ce, "To ita motar hayarka mai shan mai tana ina? Na ga da ƙafa ka zo."

Sale ya ce, "Tana gida tana hutawa."

"Hutun me?"

"Hutun tsadar mai. Ai ni yanzu ma'aikacin gidan mai ne, riga ce kawai ba su ɗinka mini ba. Abin da na tara daga safe zuwa yamma, can nake kai musu, su bar mini na cefane in sun ga dama."

Malam ya ce, "Ashe kun yi kunnen doki. Tasa tana jiran wuta, taka tana jiran kuɗi."

Suka yi ta dariya. Daga baya Sale ya sassauta murya ya ce in da gaske cajin bai kai mai tsada ba, kuma ba juyen baƙin mai, yaron zai iya ganin riba inda shi ya daina gani. Sannan ya sake cewa amma ran da batir ya mutu, sai dai a sayar da gida. Duk a zama ɗaya, daga baki ɗaya. Da ya tafi na tambayi Malam me ya gani. Ya ce, "Gonar gadonki ce, ɗa kuma namu ne. Ki yi istihara." Na yi, Abba. Zuciyata ba ta karkata ko'ina ba tukuna.

Ba zan ɓoye maka ba, ran da abokinka ya kawo motar ka nuna mana, ta ba ni sha'awa. Ka san ba na shiga motar Sale ban riƙe lemon tsami a hanci ba. Wannan kuwa muka je bakin titi muka dawo, ba hayaƙi, ba wari, cikina bai motsa ba, har ina jin kukan kurciya daga kan gawo. Amma na lura da abu biyu, ban faɗa ba a lokacin.

Da Malam ya ce ko za a miƙa shi Tofa ya duba abokinsa da ba shi da lafiya, abokinka ya dubi wani ɗan haske a gabansa, ya sosa ƙeya, ya ce cajin ba zai mayar da shi birni ba in an ƙara tafiya. Na ga ma tun a hanya ya kashe sanyin motar yana ta leƙen wurin kamar mai gadin tukunya. Fetur ko a kwalba ana sayar da shi a bakin kowace hanya. Ita wannan in ta tsaya maka tsakanin gonaki, me za ka ɗauko a kwalba? Wataƙila a cikin birni, tafiyar kusa-kusa, wannan ba komai ba ne. Ni dai na yi tunanin ran da za a kira ka a ce jikina ko na Malam ya motsa, ka zo ka kai mu asibiti. Da damina kuma fa, in ruwa ya cika kwari? Mu an hore mu kada a taɓa waya da jiƙaƙƙen hannu. Ka tambaya mini wannan ma, ko da za su yi dariya.

Na biyun shi ne shirunta. A burtali muka biyo bayan Talatu tana ɗauke da kara a ka, har muka kusa taɓa zanenta ba ta san da mu ba. Da ta waiga ta watsar da karan ta faɗa gonar mutane tana salati, sannan ta ce, "Abba, aljana ka auro?" Kowa ya yi dariya, ni ban yi ba. Mutanenmu da kunne suke tsallaka hanya. Tsoho, makaho, akuya, mace mai kaya a ka, duk ƙarar inji suke jira. Tun a allo aka koya mana ba a shiga wa mutane sai da sallama. In Allah ya sa ka riƙe wannan mota, ka mayar da hon sallamarka, tun daga nesa, a hankali, ba na firgitarwa ba. Ni da ke faɗa maka haka na san illar shiru, don da shi na sayi inji.

Saura maganar da ta fi hana ni sukuni. Da na tambayi inda za ka riƙa caji, ka ce akwai wurin da ake biya, amma abokinka ya yi dariya ya ce a gidan da za ku zauna akwai wayar da ba ta bi ta mita, sai a jona kawai. Ka harare shi, ka ɗauka ban ji ba. Na ji. Lokacin da injina ke aiki, kowace mace ta kawo markaɗe akwai ɗan ƙullun da ke maƙalewa a ciki. In an tashi sai in wanke in tara, in dama muku koko. Na ɗauka ba na kowa ba ne. Sai wata rana a Islamiyya malama tana bayanin haƙƙi, na ji kamar da ni take. Ƙullun Talatu ne, da na wance, da na wance, ban tambayi kowa ba. Na bi gida-gida ina neman yafiya, suna ta yi mini dariya, wata ma ta ce in kawo kokon ta sha a biya. Sun yafe, amma har yau in na tuna ya shiga cikinku sai in ji nauyi. Ni na san ƙofofin da zan ƙwanƙwasa. Kai wutar da aka ja ta bayan mita, gidan wa za ka je neman yafiya? In motar ba ta da riba sai da wutar sata, to ba ta da riba, ka yi lissafinka da wutar da ka biya. A kan wannan kam kaina bai ɗaure ba.

Jiya Alhaji Ado ya aiko. Ya ce yana son amsa kafin ruwa ya sauka, don in zai karɓa ya san irin da zai tanada, in kuma an yi shuka magana ta wuce sai baɗi. Gaskiyarsa ce. Kai ma ka ce mai motar ba zai ajiye maka ita har abada ba. Ga takin da na tara duk ranin nan a tsibe bayan gida, na yi kwanaki ina kallonsa. In na kai, wataƙila Alhaji na yi wa. In ban kai ba kuma na fasa jinginar, na cuci gonar da kaina.

Yau da safe na sa an ɗauke shi a amalanke an kai, an zuba tsibi-tsibi. Na kuma yanke abu ɗaya: in har na ba da ita, za a rubuta a gaban shaidu, kuma a cikin rubutun za a sa cewa ni zan ci gaba da kai mata taki duk shekara, ko da Alhaji ne zai girbe. Sale ya ce bai taɓa jin mai ciyar da gonar da ke hannun wani ba, wai in haɗa wa Alhaji da tuwon dare. Malam ya yi murmushi. Mai yiwuwa wata wautar ce sabuwa. Amma mahaifina ne ya bar mini ita, kuma ina so ran da ka zo fansarta ka same ta da rai.

Abin da ya rage yana hannunka. Ka je ka ga makaniken, ka sa wanda ba na mai sayarwa ba ya duba batirin, ka gano inda za ka sayi wuta da kuɗinka da abin da zai rage maka bayan ka biya. In ka ce mini ka gani da idonka kuma ranka ya kwanta, zan aika wa Alhaji a ranar, ba zan ƙara tambaya ba. In kuma ka ga abin da bai yi maka ba, kada kunyar abokai ko ta mai mota ta sa ka ce to. Ka dawo, gero na jiran hannu, ba wanda zai yi maka gori a gidan nan.

Malam yana sa maka albarka, ƙannenka suna gaishe ka. Ka riƙe salla a kan lokaci ko fasinja na jira. Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya raba ka da haɗari da mugun abokin tafiya, ya dawo mana da kai lafiya.

Hadari ya fara haɗuwa ta gabas da la'asar, jiya har an ji ƙanshin ƙasa. Don Allah ka ba ni amsa da wuri. In rubutu zai yi maka nisa, ka kira wayar Talatu, tawa tana wajenta a caji.

Wassalam.

Innarka.